Yadda Ɗan Ailan Ya Zama Wakilin Sarkin Sifaniya a Peru

Wani mai karatu ya rubuto yana cewa ya ga sunan O'Higgins a jikin kwabban ƙasar Chile da kuma babban titin birnin Santiago, da ya bincika sai ya tarar cewa mahaifin mai wannan suna, wato Bernardo O'Higgins jagoran 'yancin Chile, ɗan Ailan ne, ya yi gwamna a Chile, daga baya kuma ya zama wakilin sarkin Sifaniya a Peru. Tambayarsa ita ce: ta yaya baƙo ya kai ga wannan matsayi a daular da ta yi suna wajen ƙyamar baƙi, kuma me ya sa ɗansa ya ɗauki makami ya yaƙi gwamnatin da uban ya yi wa bauta har mutuwa?

Malam mai tambaya, amsar da zan ba ka ita ce baƙuncin Ambrosio O'Higgins shi ne jarinsa, kuma shi ne daga baya ya zama rauninsa. Kafin in shiga bayani, yana da kyau a san girman kujerar da muke magana a kanta. Wanda Sifaniyawa suke kira virrey mutum ne da ke zaune a madadin sarki da kansa, yana riƙe da ragamar soja da baitulmali da shugabancin babbar kotu, yana kuma da ta cewa wajen naɗe-naɗen coci. A ƙarshen ƙarni na 18 irin waɗannan kujeru huɗu ne kacal a nahiyar Amurka, wato na Meziko da Lima da Bogotá da Buenos Aires, kuma ta Lima tana cikin biyu mafi tsufa da daraja, waɗanda aka saba bai wa 'ya'yan manyan gidaje da manyan hafsoshin Sifaniya.

An haifi Ambrose Higgins, kamar yadda sunansa yake tun farko, wajen 1720 a Ballynary da ke gundumar Sligo a yammacin Ailan. Gidansu tsohon gida ne da ya rasa filayensa a ƙwacen ƙasa da Ingilishi suka yi a ƙarni na 17, har iyayensa suka koma noman haya a gundumar Meath. A lokacin dokokin da Birtaniya ta shimfiɗa a Ailan sun hana mabiya ɗariƙar Katolika riƙe muƙamin gwamnati, da zama hafsan soja, da aikin lauya, da sayen fili, saboda haka duk matashin Katolika mai buri ba shi da wata mafita sai ƙetare. Sifaniya kuwa ta daɗe da buɗe musu ƙofa, domin tun ƙarni na 17 sarakunanta suke bai wa Katolikan Ailan da suka zauna a ƙasar haƙƙoƙi kusan irin na 'yan ƙasa. Akwai rundunonin 'yan Ailan a cikin sojan Sifaniya, akwai gidajen kasuwancinsu a Cádiz, tashar jiragen ruwan da cinikin Amurka ke bi, har ma Ricardo Wall, wanda asalinsa ɗan Ailan ne, ya riƙe muƙamin babban ministan sarki daga 1754 zuwa 1763. Ƙyamar baƙin da ka ambata gaskiya ce, amma ma'auninta addini ne da biyayya ga sarki, kuma ɗan Ailan Katolika da Ingilishi suka raba da gonarsa ya cika waɗannan sharuɗɗa fiye da kowane baƙo.

A 1751 ya isa Cádiz ya kama aiki a gidan kasuwancin Butler, waɗanda su ma 'yan Ailan ne, kuma a 1756 ya ƙetara zuwa Kudancin Amurka da hajar kasuwanci. Mutanen Lima sun daɗe suna ba da labarin cewa wakilin sarkin nasu ya taɓa yin tallar koli a gefen babbar cocin birnin. Labari ne mai daɗin ji, amma abin da takardu suka nuna shi ne wakilin 'yan kasuwa ne wanda kasuwa ba ta karɓe shi ba. Ya koma Cádiz wajen 1760 hannu rabbana, yana da shekaru kusan arba'in. Da ya mutu a lokacin, babu wanda zai san an yi shi.

Abin da ya sauya masa hanya shi ne aikin da ya samu a matsayin mai zane ƙarƙashin injiniyan soja Juan Garland, wani ɗan Ailan da aka tura Chile domin gyara ganuwar Valdivia, wani gari a kudancin ƙasar. A kan hanyarsa, a 1763, ya ƙetare duwatsun Andes daga Mendoza zuwa Santiago a tsakiyar hunturun can, wanda yake faɗawa watannin Yuni zuwa Agusta, ta mashigar da tsayinta ya kai wajen mita 3,800, kuma ya sha da kyar. A wancan zamani da zarar dusar ƙanƙara ta rufe mashigar, wasiƙu tsakanin Buenos Aires da Santiago sukan tsaya cak na watanni, masu ɗaukar saƙon da suka yi kasada kuma sau da yawa sai bazara ake tsintar gawarsu. Sai ya kai wa gwamnan Chile na lokacin, Antonio de Guill y Gonzaga, shawarar a gina ƙananan ɗakunan fakewa a jere a kan hanyar, aka kuma ba shi aikin a 1765. Waɗannan ɗakuna, da ake kira casuchas, an gina su da jan bulo, rufinsu a lanƙwashe kamar baka domin ƙanƙara ta zame, an ɗaga su sama a kan tudun gini yadda sai an hau matakala kafin a kai ƙofa, don kada dusar ta binne mashiga. A ciki ana ajiye gawayi da busasshen nama, yadda ɗan aike da guguwa ta rutsa da shi zai iya kwana biyu ko uku har gari ya lafa. Daga baya adadinsu ya kai takwas, kuma wasu suna nan tsaye har yau a ɓangaren Ajantina. Na tsaya a kan wannan ƙaramin aiki ne domin a cikinsa ake ganin halin mutumin gaba ɗaya: yana gano matsalar da ke ci wa Madrid tuwo a ƙwarya, ya kawo maganin da ba shi da tsada, ya aiwatar, sannan ya tabbata cewa rahoton ya isa teburin wanda ya kamata.

Bayan wata tafiya da ya yi Sifaniya, inda ya gabatar wa hukuma bayani a rubuce game da ƙasar Chile tare da taswirarta, ya dawo a 1769 ya tarar yaƙi ya ɓarke a kan iyakar kudu. A nan sai an ɗan yi waiwaye. Tun bayan da mutanen Mapuche, 'yan asalin kudancin Chile, suka kashe gwamna Martín García Óñez de Loyola a Curalaba a 1598 suka kuma rusa garuruwan Sifaniyawa na kudu, kogin Biobío ya zama iyaka tsakanin ƙasar sarki da ƙasar da sarki ke iƙirarin tasa ce amma ba ya iya taka ta sai da izini. A wannan iyaka aka ba Higgins muƙamin kyaftin na sojan doki a 1770, yana da shekaru kusan hamsin, shekarun da wasu hafsoshi ke shirin ajiye aiki. Ya shafe kusan shekaru goma sha takwas a can, yana hawa daga muƙami zuwa muƙami har ya zama birgediya kuma kwamandan iyakar baki ɗaya, a 1786 kuma aka naɗa shi intendente na farko na lardin Concepción, wato jami'in sarki mai kula da mulki da kuɗin lardin.

Wannan muƙami na intendente shi ne mabuɗin amsar tambayarka. Sarki Carlos na Uku, wanda ya yi mulki daga 1759 zuwa 1788, da ministansa mai kula da ƙasashen Amurka, José de Gálvez, sun yi imani cewa daular tana asarar kuɗi da iko ne saboda jami'anta sun narke cikin manyan gidajen Turawan da aka haifa a can, waɗanda ake kira criollos, ta hanyar auratayya da haɗin kasuwanci da sayen muƙami. Maganin da suka kawo shi ne a ɗora ma'aikata masu albashi, waɗanda ba su da dangi ko gona ko suruki a inda suke aiki, kuma ba su da wani gata sai sarki. In ana neman irin wannan mutum, da wuya a samu wanda ya fi ɗan Ailan marar mata, marar dukiyar gado, wanda manyan Santiago ke yi wa kallon bare. Bahaushe ya ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, kuma Higgins ya gane da wuri cewa murhun yana Madrid, saboda haka bai ɓata lokacinsa wajen neman yardar attajiran Santiago ba, alƙalaminsa kullum yana fuskantar ministoci. Ko da ayarin binciken teku na Bafaranshen nan La Pérouse ya yada zango a Concepción a 1786, bayan ya karɓe su da karamci sai ya rubuta wa Gálvez yana jan hankalinsa kan yadda Ingila da Faransa ke kutsawa tekun Pasifik, da buƙatar Sifaniya ta tura nata ayarin.

A 1788 ya hau kujerar gwamnan Chile, kuma shekaru takwas da ya yi a kai su ne ƙololuwar aikinsa. Yana dab da shekaru saba'in ya hau doki ya zagaya arewacin ƙasar na tsawon watanni, abin da gwamnonin da suka gabace shi ba su saba yi ba, kuma abin da ya gani a ma'adinai da gandaye ya sa a watan Fabrairu na 1789 ya ba da umarnin kawo ƙarshen aikin tilas na tsarin encomienda, wanda a ƙarƙashinsa ake danƙa wa Bature wasu 'yan asalin ƙasa su yi masa aiki da sunan zai kula da su ya koya musu addini. Sarki ya tabbatar da sokewar a 1791. Ana yawan yabonsa a kan wannan, kuma ya cancanci yabo, amma adalci ya sa a faɗi cewa a lokacin tsarin ya riga ya tsufa, waɗanda suka rage a cikinsa ba su da yawa, kuma akasarinsu sun ci gaba da yi wa masu gandayen aiki a matsayin 'yan ƙwadago. Bautar da 'yan Afirka kuwa bai taɓa ta ba; Chile ba ta soke ta ba sai 1823, Peru kuma sai 1854.

Ayyukansa na gini sun fi kowane abu daɗewa. Ya sa aka fasa hanyar keken shanu daga Santiago zuwa tashar Valparaíso ta kan tuddan Lo Prado da Zapata, ya ɗora kuɗin hanya a kan kekuna da kayan alfadarai domin biyan aikin, abin da ya jawo masa gunagunin 'yan kasuwar da daga baya suka fi kowa cin moriyarta. Ya fara gina katangar tare ambaliyar kogin Mapocho, wanda ya yi wa Santiago mummunar ɓarna a 1783, ya kuma tura aikin gidan buga kuɗi na La Moneda gaba a hannun maginin nan ɗan Italiya Joaquín Toesca, ginin da yake fadar shugaban ƙasar Chile a yau. Ya kafa garuruwa da dama, ciki har da Los Andes da San José de Maipo da Linares da Parral, da kuma Vallenar, wanda sunansa lanƙwasar Ballynary ne a harshen Sifaniyawa. Yunƙurinsa na shigo da noman rake da auduga da shinkafa kuwa bai je ko'ina ba.

Game da Mapuche, siyasarsa ita ce ciniki da zaman sulhu sun fi yaƙi arha, kuma ya kai wannan ra'ayi ga cikarsa a babban taron Negrete na watan Maris 1793. Irin wannan taro, da ake kira parlamento, ana yin sa ne a fili a ƙarƙashin rumfuna, kowane shugaban Mapuche, wato lonko, ya zo da sandarsa ta girma, a tattara sandunan a ɗaure su wuri guda da ta gwamna a tsakiya, sannan a yi kwanaki ana jawabai ta bakin tafinta, ana yanka shanu, ana raba huluna da taba da shuni, duk a kan aljihun sarki. A Negrete shugabanni sama da 150 ne suka halarta tare da mabiya fiye da 2,000, aka amince a kan ciniki, da barin 'yan aike da masu wa'azin Kirista su ratsa ƙasar Mapuche, da taimakon juna idan wata ƙasar Turai ta kawo hari ta teku. Sai dai kada a ɗauka cewa sulhu kaɗai ya sani. A 1792, da mutanen Huilliche, wani reshen Mapuche na yankin Río Bueno, suka yi bore, rundunar da ta fita daga Valdivia ƙarƙashin Tomás de Figueroa ta ƙona gidaje da gonaki ta kwashe dabbobi, kuma a kan wannan tsoro ne aka yi taron Las Canoas a watan Satumba 1793, inda suka sallama filin tsohon garin Osorno, wanda ya zama kufai tun 1604. Ambrosio da kansa ya je ya sake kafa garin a farkon 1796. A waɗannan shekaru sarki ya ba shi sarautar Barón na Ballenary, sannan ta Marqués na Osorno, kuma a wajen neman ta farkon ne, bayan an kawo takardar asalin gidansu daga Dublin, ya fara sa harafin O a gaban sunansa.

Zamansa a Lima daga 1796 bai kai na Chile armashi ba, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Ya isa yana da shekaru wajen saba'in da shida, ya tarar da ƙasar da aka riga aka yanke mata birnin ma'adinai na Potosí da azurfarsa tun 1776, wadda kuma ba ta gama farfaɗowa daga tawayen 'yan asalin ƙasa da Túpac Amaru ya jagoranta a 1780 ba. Watanni kaɗan da zuwansa Sifaniya ta shiga yaƙi da Birtaniya, sai hankalinsa da kuɗin baitulmali suka koma kan tsaron gaɓar teku. Ya gina sabuwar hanya daga Lima zuwa tashar Callao. Ya kuma kasa cire hannunsa daga harkokin Chile, har saɓaninsa da magajinsa a can, Gabriel de Avilés, ya kai ga Madrid ta fitar da umarni a 1798 cewa gwamnan Chile ba ya ƙarƙashin wakilin sarki na Lima. Manyan Lima ba su taɓa karɓarsa da zuciya ɗaya ba, suna kiransa "el virrey inglés", wato wakilin sarki Ba'ingilishi, suna mai zafi ga mutumin da Ingilishi suka raba da ƙasarsa, kuma mai haɗari a lokacin da jiragen yaƙin Ingila ke farautar na Sifaniya.

Yanzu sai batun ɗan. A ranar 20 ga Agusta 1778 Isabel Riquelme, 'yar wani kansilan garin Chillán, wadda ba ta wuce shekara ashirin ba, ta haifa masa ɗa namiji ba tare da aure ba, alhali shi yana dab da sittin. Dokar sarki ta hana manyan jami'ai auren matan yankin da suke aiki sai da izini, kuma mutumin da dukan darajarsa a idon Madrid ita ce rashin dangantaka da gidajen ƙasar ya zaɓi aikinsa. Bai yasar da yaron ba, bai kuma karɓe shi a fili ba. Ya sa aka kai shi gidan amininsa Juan Albano Pereira a Talca, inda aka yi masa baftisma, daga nan makarantar limaman Katolika na ƙungiyar Faransiskan a Chillán, sai Lima, sai Cádiz a hannun Nicolás de la Cruz, sai Richmond kusa da Landan, yaron yana amsa sunan Bernardo Riquelme. Kuɗi suna zuwa ta hannun wakilai, waɗanda wasunsu ke yanke rabonsu kafin su kai gare shi, amma wasiƙun da ya riƙa rubuta wa mahaifinsa cikin ladabi da roƙo ba su samu amsa ba.

A Landan ne Bernardo ya haɗu da Francisco de Miranda, ɗan Venezuela da ya shafe shekaru yana neman taimakon Birtaniya domin raba Amurka da Sifaniya, ya zama almajirinsa. Wani ɗan Kuba daga cikin mutanen Miranda, Pedro José Caro, ya juya baya ya miƙa wa hukumomin Sifaniya asirin ƙungiyar, kuma a cikin abin da ya fallasa har da cewa ɗan wakilin sarki na Lima yana cikinsu. A 1800 aka yanke shawarar sauke Ambrosio, aka kuma naɗa Avilés ɗin nan da suka yi saɓani ya gaje shi. Tsufa da rashin lafiya sun isa hujja a takarda, amma a ganina rahoton Caro ne ya karya shi, domin mutumin da ba shi da dangi a fada, ba shi da jama'a a Lima, wanda abin da ya mallaka kawai shi ne amincewar sarki, ƙaramin zargi ya isa ya tafi da shi, ballantana zargin da ya haɗa ɗansa da Landan ana tsakiyar yaƙi. Martanin Ambrosio shi ne ya aika wa de la Cruz cewa ya kori yaron daga gidansa, a daidai lokacin da Bernardo ya tashi daga zazzaɓin shawara da ya kusa kashe shi, bayan Ingilishi sun kama jirgin da ya hau zuwa gida sun sauke shi a Gibraltar.

Ba zan ce Bernardo ya yaƙi Sifaniya domin ya rama abin da uba ya yi masa ba, domin bai taɓa daina alfahari da mahaifin ba, kuma ra'ayinsa na siyasa a wajen Miranda ya samo shi. Abin da za a iya cewa shi ne tsarin da ya ɗaga uban, wato fifita bare a kan haifaffen ƙasa, shi ne ya tara ɓacin ran criollos da ya fashe bayan 1810, kuma ɗan ya tashi a matsayin haifaffen ƙasa wanda masu asali ke yi wa gorin "huacho", wato marar uba.

Ambrosio ya rasu a Lima a watan Maris 1801, kafin magajinsa ya iso, aka binne shi a cocin San Pedro. A wasiyyarsa ya bar wa "Bernardo Riquelme" gandun Las Canteras kusa da garin Los Ángeles tare da shanu 3,000, amma bai ba shi sunansa ba, bai kuma ba shi sarautunsa ba. Bernardo ya dawo Chile a 1802, ya ɗauki sunan O'Higgins da kansa, kuma daga cikin ma'aikatan wannan gandu da maƙwabtansa ya tara mayaƙansa na farko. Bayan nasarar da aka yi kan sojan Sifaniya a yaƙin Chacabuco a watan Fabrairu 1817 ya zama shugaban ƙasa, a shekarar kuma ya soke dukan sarautun gargajiya irin na Barón da Marqués a Chile. An tilasta masa sauka a 1823, ya yi sauran rayuwarsa yana gudun hijira a Peru, ya rasu a Lima a 1842.